RA'AYI: Araha ba ta ado, ko a tikitin jirgin sama

Wani abokina, hadimin wani babban jami'i a wata ma'aikatar tarayya, ya zo mini kwanakin baya yana murna. An ba shi aikin shirya wa maigidansa tafiya zuwa Turai, ya bincika ya gano cewa tikitin da ya tashi daga Legas ya fi na Abuja sauƙi, sai ya saye shi, ya kuma sayi wani tikitin daban na cikin gida daga Abuja zuwa Legas. Ranar tafiya jirgin cikin gidan ya yi jinkirin awa huɗu. Kafin su sauka, su karɓi kaya, su kama mota zuwa sashen ƙasa da ƙasa, an rufe karɓar fasinja. Kuɗin sauya tikiti da na otal sun cinye rangwamen har sun nemi ƙari, ban da faɗan da ya sha. Garin neman gira aka rasa ido.

Ban ga laifinsa ba wajen neman sauƙi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kuɗin jirgi ya zama abin da ke sa mai albashi ya yi dogon tunani, kuma gaskiya ne farashi yakan bambanta daga fili zuwa fili. Legas ta fi kowane gari yawan kamfanonin jiragen waje, gasa kuwa kan sauko da farashi. Mai zuwa Umara ko Alƙahira yakan sami tayi mai kyau a filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda shi ne mafi daɗewa a ƙasar nan. Kuskuren abokina shi ne ya tsaya a kan adadin da ke jikin tikiti, alhali tafiya daga ƙofar gida take farawa, a ƙofar masauki kuma take ƙarewa.

Mazaunin Abuja da ya zaɓi tashi daga Kano yana da tafiyar sama da kilomita 400 a gabansa, da kuɗin mota, da kwana ɗaya na aiki da zai salwanta, wataƙila har da kuɗin masauki. Wanda ya zaɓi Legas zai biya tikiti na biyu, kuma nauyin kayan da jiragen cikin gida ke yarje wa fasinja galibi bai kai na jiragen waje ba, don haka akwatunan da za su wuce kyauta zuwa Landan sai an biya musu daga Abuja zuwa Legas. Mafi girman haɗarin kuwa shi ne tikiti biyu da ba a haɗe suke ba: idan na farko ya makara, kamfani na biyu ba ruwansa. A lokacin hunturu, sa'ad da hazo ke hana jirage sauka da tashi, wannan caca ce da mai hankali ba zai so ya shiga ba.

Mun taɓa ɗanɗana wannan darasi a matsayin gari guda. A watan Maris na 2017 aka rufe filin jirgin Nnamdi Azikiwe na makonni shida domin gyaran titin saukar jirage, aka karkatar da zirga-zirga zuwa Kaduna. Yawancin kamfanonin waje suka ƙi zuwa, in ban da Ethiopian Airlines. Duk wanda ya yi tafiya a lokacin ya san abin da ƙarin kusan kilomita 200 ke yi wa jiki da aljihu.

Akwai kuma abin da ba a cika sa shi a lissafi ba, wato tsarin ginin tashar. Mukan yi hirar tashoshi kamar hirar ado: wannan ta fi gilashi, waccan ta fi sanyi. Amma tsarin gini shi ke yanke wa matafiyi yawan mintocin da zai kashe da kuɗin da zai ƙara. A Abuja, sashen cikin gida da sabon sashen ƙasa da ƙasa, wanda aka buɗe a Disambar 2018, suna maƙwabtaka da juna, mutum zai iya tura kayansa daga wannan zuwa wancan. Ga kuma tashar jirgin ƙasa a gefe, wanda aka dawo da aikinsa a Mayun 2024, ga mai son kauce wa kuɗin tasi a kan hanyar da ta kai kusan kilomita 40 daga tsakiyar gari. A Legas kuwa, tashoshin cikin gida suna ɓangare guda, na ƙasa da ƙasa suna wani ɓangaren, sai an fita an bi titi cikin cunkoson Ikeja. Tashar MMA2 da aka buɗe a 2007 tana da tsari mai sauƙin bi a cikinta, sai dai kyanta bai rage ko taku ɗaya daga tazarar da ke tsakaninta da jirgin da zai kai ka waje ba.

Sababbin tashoshin Abuja, Legas, Kano da Fatakwal duk da rancen China aka gina su, kamfani ɗaya ne ya yi aikin, shi ya sa suke kama da juna kamar 'yan uwa ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne yadda kowace ta haɗu da abin da ke kewaye da ita: titi, jirgin ƙasa, da tsohuwar tashar da ta tarar. A nan ne hukumar FAAN ya kamata ta fi mayar da hankali, domin fasinjan da ke jan akwati a rana yana neman tasi bai amfana da tayil ɗin da aka shimfiɗa a ciki ba.

Ofisoshinmu ma suna da nasu kason. Muddin sashen kuɗi yana yaba wa hadimin da ya kawo tikiti mafi araha ba tare da duba kuɗin mota, masauki da ranakun aikin da suka tafi ba, za a ci gaba da yin tsimi a takarda ana asara a baitulmali. Ya kamata takardar neman izinin tafiya ta nuna jimlar kuɗin daga farko zuwa ƙarshe.

Ga ɗan'uwa ma'aikaci kuwa, shawarata ita ce ka zauna da biro da takarda kafin ka biya. Idan bayan ka tara komai filin da ke nesa ya fi sauƙi da tazara mai kauri, ka tafi, amma ka nemi tikiti guda da ya haɗa tafiyar duka, ko ka isa garin tun jajibiri. Idan kuwa bambancin kaɗan ne, ka tashi daga Abuja, ka kwana a gidanka.