Bidiyon Walima Yana In-ina? Gano Ciwon Kafin Ki Ba Da Magani

 Yau mun ɗan ajiye maganar zazzaɓi da rigakafi, za mu taɓa wani ciwo da ya kusa sa mini hawan jini, duk da cewa waya ya kama ba mutum ba.

Watan jiya babbar 'yata ta sauke Alƙur'ani, muka yi mata walima. Hajiyarmu ba ta samu zuwa ba, ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya a mota. Sai na yi mata alƙawarin zan haɗa mata bidiyo ta ga komai kamar tana wurin. Na tattara abin da na ɗauka da wayata, da na wayar ƙanwata, da wanda mai kyamarar da muka ɗauko ya ba ni. Dare biyu ina zaune da CapCut bayan na taso daga aiki, ina yanka ina jerawa. Da na gama na tura mata ina jiran yabo.

Bayan la'asar sai ga kiranta. "Ke, me ya sami kishiyar tawa? Tana karatu tana tsayawa, bakinta daban muryarta daban. Ko tsoron mutane ne ya kama ta?"

Yarinyar da ta yi karatunta tiryan-tiryan ba gargada, ga shi bidiyona ya mai da ita mai in-ina a idon kakarta. Kuma ranar sauka ɗaya ce, ba a sake ta.

Abin da na fara yi shi ne abin da nake hana majinyata: shan magani ba tare da an gano ciwo ba. Na sake fitar da bidiyon sau uku ban canza komai ba, na ƙona caji a banza. Sai da na nutsu na bi abin yadda muke bin mara lafiya a asibiti, wato a fara tambayar ina ne ke ciwo.

Ciwon yana ɗaya daga wuri uku

Ko dai sabis ne, ko wayar mai kallo, ko kuma shi kansa bidiyon.

Gwajin ba wuya. Ki bari bidiyon ya gama sauka gaba ɗaya, ki kashe data, sannan ki kunna. Idan ya tafi sumul, sabis ne, ba ruwan aikinki. Idan har yanzu yana cijewa, ki kunna shi a wata wayar, ko ki buɗe shi da manhajar VLC, kyauta ce. Sannan ki lura da wannan: a wuri ɗaya yake tsayawa kullum, ko yau nan gobe can? In wurin yana canzawa, ko kuma wata wayar ta kunna shi lafiya, to waya ce ta gaza ɗaukar nauyinsa. In kuwa a daidai daƙiƙa ɗaya yake tuntuɓe a kowace waya, ciwon yana cikin fayil ɗin, sai an koma wajen haɗawa.

Wani abu kuma, cijewar da kike gani kina cikin aikin haɗawa ba ita ce hukunci ba. A lokacin wayar tana ɗauke da kiɗa da rubutu da ado duk a lokaci guda. Ki fitar da daƙiƙa 20 kawai ki kalla kafin ki tayar da hankalinki.

Nawa da na gwada, sai na tarar ciwo uku ne suka haɗu.

Na farko: na yi wa wayar Hajiya lodin da ya fi ƙarfinta

Wajen fitar da bidiyo na zaɓi 4K da lamba 60, a tunanina babbar lamba ita ce mai kyau. Ashe hoton 4K ya ninka na 1080p sau 4, ya ninka na 720p sau 9. Ita kuma 60 ɗin tana nufin hotuna 60 a kowace daƙiƙa maimakon 30. Idan kika haɗa, aikin da na ɗora wa ƙaramar wayar Hajiya ya ninka na 720p mai lamba 30 har sau 18. Kuma a ɗan gilashin wayarta ba za ta ma ga bambancin ba.

Akwai kuma salon matse bidiyo iri biyu da za ki riƙa cin karo da su, H.264 da HEVC, wanda ake kuma kira H.265. HEVC yana rage girman fayil, amma buɗe shi yana wahalar da tsofaffin wayoyi da masu araha. H.264 kuwa kusan kowace waya tana cinye shi ba shaƙewa. In manhajarki ta ba ki zaɓi, kuma dangi za ki tura wa, ki ɗauki H.264 da 720p ko 1080p.

Na biyu: lambobin ba su jitu ba

Bidiyo hotuna ne a jere da ke wucewa da sauri har ido ya ga motsi. Yawan hotunan da ke wucewa a daƙiƙa ɗaya shi ne lambar da za ki ga an rubuta fps a gefenta. Fim ɗin silima 24 ne. Talabijin a Najeriya da Nijar a kan 25 aka gina shi, shi ya sa masu kyamarar biki da yawa suke ɗauka a 25 ko 50. Yawancin wayoyinmu kuwa a 30 suke ɗauka.

To ga inda rikicin yake. Idan kika sa bidiyon 30 a aikin da za a fitar a 25, dole manhaja ta zubar da hotuna 5 a kowace daƙiƙa, wato ɗaya cikin kowane shida. Idan kuma na 25 ne za a mayar 30, sai ta maimaita guda 5. Ido yana kama wannan ɗingishin, musamman inda kyamara take zagaya jama'a daga dama zuwa hagu. Amma 60 zuwa 30, ko 50 zuwa 25, rabi ne cif, ba ya ɗingishi.

Maganin shi ne ki duba bayanan kowane guntu a ma'ajiyar hotunanki, ki ga lambar da ta fi yawa, ki fitar a kanta. Ni yawancin nawa na waya ne, sai na tsaya a 30. Daga na mai kyamara na zaɓi wuraren da kyamarar take tsaye wuri ɗaya, na bar masu zagaye. Nan gaba kuma tun kafin biki zan ce masa, "Malam, don Allah a ɗauka a 30."

A nan ne kuma masu son rage gudun bidiyo suke faɗawa. In kika rage gudun bidiyon 30 zuwa rabi, hotuna 15 suka rage a daƙiƙa, dole ya yi tsalle-tsalle. Wurin da kike son tafiyar amarya ta fito a hankali, tun farko ki ɗauke shi a 60.

Na uku: bugun da ba ya tafiya daidai

Wannan shi ne ya raba bakin 'yata da muryarta. Guntun karatun ƙanwata ce ta ɗauka a falo, an ɗauke wuta, hasken taga kawai ake da shi. Waya idan ta ga duhu takan rage yawan hotunan da take ɗauka don kowanne ya sami haske, in haske ya dawo ta ƙara. Haka ma in ta yi zafi. Kamar jijiyar hannu ce da nake dannawa in ji tana bugawa da sauri, can ta lafa, can ta sake tashi. Wayar da ta ɗauka ta san yadda za ta kunna abinta. Amma wasu manhajojin haɗa bidiyo suna ɗaukar bugun daidai yake tafiya, sai hoto ya riƙa zamewa yana barin murya.

Mai kwamfuta ta nemi HandBrake, kyauta ce. Ta sa guntun, ta zaɓi 30, ta zaɓi lamba tsayayya wadda ba ta canzawa, sannan ta kai sabon fayil ɗin wajen haɗawa. Mai waya kaɗai kuma ta gwada abin da na yi: na buɗe sabon aiki, na sa wannan guntun shi kaɗai, na fitar da shi a 30, sannan na ɗauko wanda ya fito na sa a babban aikin. Sau da yawa wannan yana daidaita shi. Riga-kafinsa kuwa haske ne. A buɗe labule, ko a fito da mai karatu tsakar gida. Masu iPhone su leƙa saitin kyamara, akwai wurin da ke ba wayar izinin rage lambar da kanta a cikin duhu, ana iya kashe shi.

Lokacin fitarwa da lokacin turawa

Kafin ki danna fitarwa, ki rufe sauran manhajoji, ki kashe tsimin batir, ki cire rigar wayar in ta yi zafi, ki tabbata akwai wuri a memori. Kada ki fita daga manhajar ki leƙa hira sai ta kai 100. Ni ajiye ta nake yi gaban fanka in tafi in ɗora girki.

WhatsApp kuma yana matse duk bidiyon da aka tura ta hanyar da aka saba. Don haka gutattakin da za ki yi aiki da su, ki karɓe su ta Xender ko filashi, ko a turo miki a matsayin dokumen, wanda yake ɗaukar har 2GB ba tare da an taɓa shi ba. Sai dai yana cin data, ki yi la'akari da wanda zai sauke. Dogon bidiyo gara ki raba shi gida biyu ko uku.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. Daren da na gama haɗawa na farko, wayata ta cika, na zaɓi duk gutattakin asali zan goge tunda a ganina aiki ya kammala. Kukan ƙaramin ɗana ne ya katse ni, na ajiye wayar na manta. Da na goge, da duk abin da na lissafa muku a sama ba zai yi amfani ba, domin hoton da manhaja ta zubar ba ya dawowa. Kada ki goge na asali sai kin kalli wanda kika haɗa daga farko har ƙarshe a waya biyu, kuma kin kwafe na asalin a filashi ko kwamfuta.

Na sake fitar da bidiyon a 720p da lamba 30, na tura. Washegari da safe Hajiya ta kira, muryarta a dishe. Ta ce sau huɗu ta kalla, har ta kira maƙwabciyarta ta zo ta gani. "Ki gaya wa kishiyar tawa na sallama mata, ta fi ni iya jan baƙi. Allah Ya sa Alƙur'ani ya cece mu baki ɗaya."

Wadda nata bidiyon ya ƙi jin duk wannan, ta rubuto a ƙasa ta faɗi irin wayarta, da manhajar da take aiki da ita, da kuma ko a wuri ɗaya yake tsayawa. In na taso daga aiki zan bi in amsa gwargwadon abin da na sani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.