Jirgin da Ba Ya da Farfela: Shin Iskar Lantarki Za Ta Iya Tsayar da Shi Cak a Sama?

Tun da kamfanoni suka fara amfani da jirage marasa matuƙa wajen kai kaya da magunguna, ƙarar farfela ta zama babban abin ƙorafi a biranen da ake gwada su. Wannan ne ya sake jawo hankali ga wata tsohuwar dabara: tura jirgi da wutar lantarki zalla, ba tare da wani sashe mai juyawa ba.

Ana jera siraran wayoyi a gaba, a sa wasu faffaɗan sanduna a bayansu, sannan a haɗa su da wuta mai ƙarfin gaske. Wutar kan fizge ɓurɓushin lantarki daga ƙwayoyin iskar da ke kewaye da wayar, su zama masu caji, waɗanda masana ke kira ayon. Suna rugawa zuwa sandunan baya, suna bangaje sauran ƙwayoyin iska a hanya, sai iska ta taso ta tura jirgin gaba.

Dabarar ta girmi yawancin masu zumuɗinta. Thomas Townsend Brown ya lura da ita a Amurka tun a shekarun 1920, amma ya ɗauka ya gano hanyar karya maganaɗisun ƙasa ne, kuskuren da har yau yake yawo a intanet. A shekarun 1960 Alexander de Seversky ya nuna wani ƙaramin samfuri da ke tashi, sai dai wutarsa na zuwa ne ta waya daga ƙasa.

Babban ci gaba ya zo a Nuwamban 2018, lokacin da Steven Barrett da abokan aikinsa na Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wato MIT, suka wallafa sakamakon gwajinsu a mujallar Nature. Jirginsu mai faɗin fikafikai mita 5 da nauyin kilo 2.45 ya yi tafiyar kusan mita 60 a cikin ɗakin wasanni, ɗauke da baturansa da na'urar da ke ɗaga wutarsu zuwa bolt 40,000. Sun maimaita tashin sau goma.

Sai dai akwai abin da yawancin rahotannin lokacin suka tsallake. Wancan jirgi bai tsaya a sama ba, tafiya ya yi, kuma fikafikansa ne suka ɗauki nauyin. Turin da iskar lantarkin ta bayar bai wuce abin da zai ɗaga giram 300 da 'yan kai ba, wato kusan kashi ɗaya cikin bakwai na nauyin jirgin. Jirgin da zai tsaya cak kamar mai saukar ungulu ba shi da wannan rangwame: dole turinsa ya kai nauyinsa baki ɗaya, a kowace daƙiƙa. Don samun haka sai an ƙara wayoyi da sanduna da batura, kowane ƙari kuma nauyi ne da ke neman nasa turin. A nan gizo ke saƙar.

Ba a ce dabarar ba ta da tagomashi ba. Binciken da aka yi a MIT a 2013 ya nuna tana iya ba da turi mai yawa a kan kowane kilowat na wuta, fiye da injin jet nesa ba kusa ba. Illar ita ce turin a warwatse yake, yana buƙatar fili mai faɗi kafin ya taru ya zama abin kirki. Idan kuma aka ƙara ƙarfin wuta don matse shi a ƙaramin wuri, tartsatsi ya tsallaka tsakanin wayoyin, turin ya ɓace. Ruwan sama da laima da ƙura duk suna dagula lissafin, ga kuma iskar ozon da wutar ke haifarwa, wadda ba ta yi wa huhu daɗi.

Wani kamfani a jihar Florida, Undefined Technologies, ya sanar a 2022 cewa jirginsa mai suna Silent Ventus ya yi shawagi na minti huɗu da rabi. Iƙirarin kamfani ne mai neman masu zuba jari, don haka ya kamata a karɓe shi da taka-tsantsan. Ko an gaskata shi, minti huɗu da rabi ba su kai kaya ko'ina ba.

Masu kafa hujja da kumbunan sama jannati suna haɗa abubuwa biyu mabambanta. Kumbon Deep Space 1 na 1998 da Dawn na 2007, duka na hukumar NASA, sun yi amfani da injin ayon mai aiki da iskar zinon, amma turinsa bai fi nauyin takarda guda a tafin hannu ba. Yana da amfani a can ne saboda babu iskar da za ta ja kumbo baya, kuma injin na iya ci har tsawon shekaru.

Jiragen Zipline da suka fara kai magunguna a jihar Kaduna a 2022 sun kauce wa matsalar ta wata hanya: masu fikafikai ne, suna sakin kaya da lema su wuce. Alamu na nuna cewa idan iskar lantarki za ta samu gurbi nan kusa, a irin waɗannan jirage ne, ko kuma a 'yan mitsi-mitsin da ba su fi girman ƙwaro ba, inda ƙera farfela ke da wuya. Jirgin da zai ɗauki mutum ya tsaya da shi a sama ta wannan hanya kuwa yana jiran batura da na'urorin ɗaga wuta marasa nauyi da ba a kai ga ƙera su ba tukuna.