Ƙyalli kuka saya masa, ba ganga ba

Jama'a yau zan yi magana, wanda zai ji haushi ya ji.

Akwai ƙaninmu ɗan aji biyu, ba sai na kama suna ba. Tun da ya zo kudu yake kallon yaran nan suna kaɗa gangunan bature a wajen taro, abin ya shiga ransa. Zango biyu cur yana tara kuɗi, garin kwaki kam ya sha shi. Da ya nemi shawara, sai manyanmu da ba su taɓa riƙe sandar kiɗa ba suka ce ya sayi cikakken seti sabo dal, ja mai walƙiya, wai kar a raina ɗan Arewa. Har kasuwa suka raka shi, aka yi hotuna.

Yau wata uku. Fedar babbar gangar ta karye, notuna sun daina kamawa, ƙafar da ke riƙe faranti da roba aka ɗaure ta. Laimar kudu ta sa ƙarafunan tsatsa. Maƙwabta a hostal sun kai ƙara saboda hayaniya, yanzu kayan na jibge a lungu, wani har risho yake ɗorawa a kai.

Fisabilillahi me ya yi muku?

Ni ba gwani ba ne, amma tun digirin farko nake zama da masu wannan kiɗa. Mai koyo sanduna biyu yake buƙata, lamba 5A ta ishe shi, sai faifan roba na atisaye da manhajar riƙe lokaci a waya. Shi ke nan. Zai yi watanni yana horar da hannu ba wanda ya ji motsinsa. Tony Allen, makaɗin Fela da ya rasu a 2020, da 'yan itace biyu ya fara a ƙungiyar Victor Olaiya kafin ya hau kujerar ganga.

In lokacin saye ya zo, fenti ne ƙarshen abin dubawa. Ganga mai arha in ka sauya mata fata, ka sa Remo ko Evans, ka ɗaure ta daidai, za ta yi amo. Faranti kuwa ba ya gyaruwa, yadda ka sayo shi haka zai mutu. Irin wanda ake haɗowa da seti mai arha galibi jan ƙarfe ne da tutiya, ƙararsa sak murfin tukunya. Na kirki jan ƙarfe ne da kuza, shi ne za ka ji ana cewa B8 ko B20, lambar kason kuzar take nunawa. Sannan ka taka feda ka ji, ka girgiza ƙafafun ka gani, ka nemi masu ƙarfe bibbiyu. Kujera ma kar ka raina ta, in tana rawa bayanka ne zai biya. Wallahi gwanjon Yamaha ko Pearl ko Tama mai ƙarafuna lafiyayyu ya fi sabon da ba a san uban da ya ƙera shi ba.

Abin da ya sa na kasa yin shiru: mutanen nan dai su ne yanzu ke son a kwashi kuɗin ƙungiya a sayo irin setin don ranar al'adu. Wa zai kaɗa? Yaron da kuke kira maroƙi in ya ba da baya? Kuma al'adar wa? Shata da kalangu ya girgiza ƙasar nan. Mu shiga Sabo mu ɗauko masu kalangu, mu sallame su da mutunci, canjin a taimaka wa waɗanda kuɗin rajista ya gagara.

Ranar Asabar a taro zan ɗaga hannu in ce ban yarda ba. Shugaba, da girmanka, kafin a kaɗa ƙuri'a ka zo in raka ka ɗakin yaron, ka taka fedar nan da ƙafarka.