Wasiƙa zuwa ga masu ɗaukar hoto na Filinge da ƙasar Kurfai



Magana nake tafe da ita kan katin ajiyar hoton nan mai wifi a cikinsa. Na san abin da ke jan hankalinku gare shi: wayar salula ta shiga tsakaninku da abincinku. Ranar suna ko ɗaurin aure, kafin mai hoto ya koma shago ya zare memori ya sa a kwamfuta, ƙawayen amarya sun cika WhatsApp da nasu, ɗan uwan da ke Yamai ko Kwatano ya gani har ya yi barka. Naku ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma sai taro ya watse yake isowa.

Girman katin ɗaya da SD ɗin da kuka saba, rami ɗaya suke shiga. Sai dai shi yana buɗe wifi nasa na kansa, ka haɗa wayarka da shi, hoton da ka ɗauka ya sauko cikinta ba tare da ka jona komai ba. Wannan matakin bai buƙatar rezon Airtel ko Moov ko Zamani, bai cin ko dala ta kuɗin intanet. Ko a ƙauyen da ba rezo yana aiki, muddin wayar na aljihunka.

Kada kowa ya sayar muku da shi a matsayin sabon yayi. Kamfanin Eye-Fi na Amurka ya fito da nasa tun 2007, mai ɗaukar giga 2. A 2016 ya sanar da janye hannu daga tsofaffin katunansa, waɗanda suka saya suka yi ta ƙorafi. Toshiba ma ta daina ƙera nata, FlashAir. Abin da zai zo hannunku yau yawanci ragowar kaya ne, ko irin ez Share na Sin. Saboda haka kafin ka ba da kuɗinka, sa shi a kyamararka a gaban mai sayarwa, ka ga hoto ya shigo wayarka da idonka. In kyamarar ta zo da wifi nata, kamar Canon da Nikon na baya-bayan nan, ba ka da buƙatarsa sam. Ga kuma ɗan abin karanta memori da ake cusawa a gindin waya, ya fi shi arha da sauri.

Batirin kyamara katin yake sha, kuma da kyamarar ta kashe kanta turawa ta tsaya. Wanda ke zuwa biki Bonkuku ko Shikal, ya tafi da batir na biyu, ya kuma saita hoton kan JPEG, don RAW na da nauyi ƙwarai.

Abu na farko da za ka yi ranar da ka saya shi ne canza lambar sirri. FlashAir da 12345678 ya fito daga masana'anta, kuma duk mai intanet zai iya sanin haka. Yaro ɗaya mai wayo a gefen rumfa ya isa ya kwashe hotunan amarya kaf, kai kana can kana jera dangin ango.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne saitin da ke sa waya ta tura kowane hoto zuwa intanet da kanta, ko cikin kundin da mutane da yawa ke buɗewa. A talla abin sha'awa ne. A wajenmu hatsari ne. Duk mai sana'ar nan ya san cikin hoto goma bakwai na zubarwa ne: tsohuwa da loma a baki, matar aure da mayafinta ya zame, baƙon da bai so a san ya zo gari ba. Da, tsakanin ɗauka da wankewa akwai dare guda, kuma a daren nan ne mai hoto ke rufa wa mutane asiri. Na'ura ba ta san kunya ba. Hoto kuwa zarar bunu ne kamar magana.

Ƙasarmu ta taɓa ganin irin wannan. Bautar iskokin Hauka a yankin Filinge ta ɓullo wajen 1925, ƴan ci-rani suka kai ta Gwalkwas, wato Gana ta yau. Can Akara wani mai shirya fim, Jean Rouch, ya ɗauki fim ɗinta, Les Maîtres fous. Da aka nuna shi a Faris, ɗaliban Afirka suka fusata, Turawan Ingila kuma suka hana nuna shi a ƙasar da aka ɗauke shi. Wannan fa aikin da aka zauna aka tace ne da natsuwa, amma da ya bar wurin da aka san ma'anarsa, kowa ya karanta abin da ya ga dama.

Ƙara da halin da jihar Tilaberi ke ciki na dokar ta-ɓaci. Ranar Lahadi a kasuwar dabbobi, kana ɗaukar mai rago, a bayansa ga dillali na ƙirga kuɗi, ko ga motar soja na wucewa. Kai ba ka lura ba, wani zai lura. Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma wayarka ce ta tura, kai za a tambaya. Ku sani kuma, hoton da aka aika a WhatsApp a matsayin fayil yana tafiya da cikakken kyansa, amma har da rana da sa'ar ɗauka, da wurin ma in na'urar ta rubuta shi.

Don haka ku bar katin ya yi aikinsa daga kyamara zuwa waya, nan ya tsaya. Ku buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya, ku duba har bayan mutum, ku zaɓi biyar ko shida ku tura wa mai biki shi kaɗai, sauran sai an biya. Wanda za ku sa a Facebook don tallar shago, ku nemi izinin mai shi baki da baki, in mace ce ita da kanta. Don Allah, kafin bikin da ke gabanku, ku shiga saitin waya ku kashe turawa ta kai tsaye.