Ba Kowace Faɗuwar Gaba Ce Laulayi Ba

Uwargida mai juna biyu, idan kika ce ƙirjinki na dukan uku-uku, sau da yawa amsar da za ki ji a gida ita ce: “Laulayi ne, yi haƙuri.” A ganina wannan amsa tana jawo asarar rayuka.

Gaskiya ne ciki yana ƙara wa zuciya aiki. Jinin jikinki yakan ƙaru da kusan rabi, bugun zuciya kuma ya ƙaru da 10 zuwa 20 a minti ɗaya. Wannan ba ciwo ba ne. Abin tsoro shi ne bugu mai sauri wanda ba shi da tsari. Ɗakunan zuciya biyu na sama sukan daina matsawa yadda ya kamata, su koma karkarwa. Sai jini ya kwanta a ciki ya daskare. Idan gudan jinin ya ɓalle ya toshe hanyar jini a ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki.

A ƙasarmu, babban sanadinsa ga mata matasa shi ne lalacewar ƙofofin zuciya, sakamakon ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi maganinsa ba. Hawan jini da ciwon maƙoƙo mai sa rama ma sukan jawo shi.

Ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannunki kina zaune, ki ƙirga na minti ɗaya. Idan bugun yana tsalle-tsalle, ko yana tare da haki, jiri, suma ko ciwon ƙirji, ki zo asibiti a ranar, kada ki jira ranar awo. Gwajin ECG ba ya ɗaukar lokaci, kuma ba ya cutar da jariri.

Wasu na gudun magani don tsoron abin da ke ciki. Tsoron yana da dalili, domin ƙwayar warfarin tana iya nakasa jariri, musamman daga mako na 6 zuwa na 12. Amma allurar heparin ba ta ratsa mabiyiya. Likita ne zai zaɓa miki. Kada ki fara magani ko ki daina da kanki.

Maigida da iyaye, ku ne masu ba da izini da kuɗin mota, kada ku tsaya shawara har dare. Bayan haihuwa kuma, mai ciwon zuciya ta haƙura da kunun kanwa, domin kanwa tana tara ruwa a jiki kamar gishiri.

Allah ya sauke ki lafiya.