Wa ya ƙirga miliyan ɗarin nan?

Yaranmu na lise sun iya gardama kan makaɗan Turawa masu jita mai tsawa, kiɗan da ake kira metal. Wannan ya ce Metallica sun fi kowa, wancan ya ce Iron Maiden sun saida faifai sama da miliyan 100, sai a zaro salula a nuna lamba, magana ta ƙare. Kiɗan bai dame ni ba, kunnena ma bai ɗaukarsa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wasu cikinmu malamai suna karɓar irin wannan lamba a aikin da yaro ya kwaso daga intanet, su ba da maki, ba su tambayi wanda ya ƙirga ba.

A Amurka ƙungiyar kamfanonin faifai, RIAA, ita ke ba da shaidar zinariya ga faifan da ya kai 500,000, platinam ga miliyan 1. Amma abin da take ƙirgawa shi ne kayan da kamfani ya tura kantuna, ko sun shiga hannun mai saye ko suna kan kanta suna shan ƙura. Faifai biyu masu tsawo cikin kwali guda, sau biyu ake lissafa su. A Faransa kuwa zinariya 50,000 ce kacal. Da can 100,000 ce, da kasuwa ta faɗi sai aka rage mudun. Ashe yaron da ya jera zinariyar Faransa da ta Amurka ya haɗa tiya da buhu ne ya kira su awo ɗaya.

Kafin 1991 ma, mujallar Billboard tambayar masu kantuna take yi me ya fi fita, su faɗi abin da suka ga dama. A shekarar nan aka kawo SoundScan, mai ƙirga kowane faifai daidai lokacin da aka biya kuɗinsa. Ba a jima ba faifan Skid Row, Slave to the Grind, ya shigo jerin a lamba ɗaya, aka gane tsohon ƙirgen yana danne masu wannan kiɗa. Baƙin faifan Metallica na 1991 ya wuce miliyan 16 a Amurka, kuma tun fara wannan ƙirge babu wanda ya kai shi. Wannan lamba ce mai uwa da uba: an san mai ƙirgen, an san ƙasar, an san shekarar.

Miliyan 100 na Iron Maiden fa? Babu wata hukuma da ke ƙirga cinikin duniya baki ɗaya. Irin waɗannan jimloli daga kamfanoni da masu tallata mawaƙa suke fitowa, jaridu su kwafa, intanet ta kwafi jaridu. Ban ce ƙarya ce ba, don mutanen suna da mabiya sosai a Brazil da Jamus. Ƙiyasi ne, kuma mai kayan ne ya yi shi. Wasan da Metallica suka yi a Mosko a Satumbar 1991, wasu na cewa mutum 500,000 suka halarta, wasu miliyan 1 da dubu 600. Fili ɗaya, yini ɗaya!

Suna kuma daban yake da ciniki, mu nan mun fi kowa sani. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, waƙoƙinsa sun zaga Sahara daga salula zuwa salula kafin wani kanti a Turai ya san da shi. Wace RIAA ta ƙirga wannan?

Na san wani uba zai ce ina ruwanmu da kiɗan Turawa. Ruwanmu shi ne yaron da ya haɗiye miliyan 100 yau ba tauna, shi ne gobe za a karanta wa yawan azuzuwan da aka gina ko buhunan da aka raba, ya yi tafi. Tunda ga abin da suke gardama a kai da son ransu, mu kama su da shi. Lambar da ta zo ba sunan mai ƙirge, ba ƙasa, ba shekara, kada ta samu maki.

Malaman lissafi, ga aiki na safiyar Litinin. Tun 2016 RIAA na ɗaukar saurare 1,500 ta intanet daidai da faifai ɗaya. Saurare nawa ke kai mawaƙi ga zinariya a Amurka, in bai saida faifai ko guda ba? Amsar miliyan 750 ce. Ku bar su su nemo ta da alli.