Zafin Da Ke Taruwa Cikin Wayar Wuta



Idan bazara ta kankama a Sakkwato, tsakanin Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, gidajen Ƙofar Dundaye da kewaye sukan kunna duk abin da suke da shi a lokaci guda: fanka, firiji, injin tura ruwa, mai hali ya ƙara da na'urar sanyaya ɗaki. A lokacin ne masu gyaran wuta ba su samun zama. Nan soket ya narke, can waya tana warin roba, gaba kaɗan firiji ya mutu. Bayanin da aka fi ji shi ne an kawo wuta da ƙarfi. Hakan yana faruwa, ba a musu. Amma a ganina kaso mai yawa na wannan ɓarna tun a kasuwa ake sayo ta, ranar da aka je sayen waya aka zaɓi mai araha.

Abu uku ne ke aiki a cikin kowace waya, kuma manomin rani na fadamar Rima ya san misalinsu. Ƙarfin da injin ban-ruwa yake tunkuɗa ruwa da shi, shi ne abin da ake aunawa da bolt. Yawan ruwan da ke wucewa ta tiyo shi ne kwararar lantarki, wadda ake aunawa da amfiya. Ƙuncin tiyon da tsawonsa, masu hana ruwa wucewa cikin sauƙi, su ne turjiya, ma'auninta om. Wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, ya wallafa dangantakarsu a 1827: a raba ƙarfin tunkuɗa da turjiya, abin da ya fito shi ne kwarara. Ƙara bolt, kwarara ta ƙaru. Ƙara turjiya, ta ragu.

Wutar gidajenmu a Najeriya bolt 230 ce bisa ƙa'ida, amma ba kowane kaya ne ke jan kwarara iri ɗaya ba. Ƙwan lantarki na zamani mai wat 10 ko kashi ɗaya cikin ashirin na amfiya ba ya ja. Hitar dafa ruwa mai wat 2,000 kuwa tana jan kusan amfiya 9. A haɗa mata dutsen guga mai wat 1,000 da murhun lantarki mai wat 1,500, an doshi amfiya 20. Sau nawa muke ganin waɗannan ukun a jone kan doguwar waya guda mai bakuna da yawa, wadda iyakarta amfiya 13?

Inda hatsarin yake shi ne, duk inda kwarara ta ci karo da turjiya sai zafi ya fito, kuma zafin ba daidai da kwararar yake ƙaruwa ba. Idan kwarara ta ninka sau biyu, zafi sau huɗu yake ninkawa. Idan ta ninka sau uku, zafi sau tara. Siririyar waya ta fi mai kauri turjiya, doguwa ta fi gajeriya. Shi ya sa masu aikin wayarin da suka san sana'arsu suke sa waya mai kaurin 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, 4 ko fiye ga na'urar sanyaya ɗaki. Idan mai gida ya ce a zagaye gidan duka da 1.5 don a rage kashe kuɗi, gidan zai yi haske ranar tarewa, amma cikin bango waya za ta riƙa ɗumama a hankali, robarta tana bushewa har ta tsage.

Akwai kuma wayar da ake sayarwa da sunan jan ƙarfe alhali alminiyam ce aka shafe. Turjiyar alminiyam ta ɗara ta jan ƙarfe mai kauri ɗaya da fiye da rabi. A kankare bakin wayar da wuƙa tun a shago: idan fari ya bayyana a ciki, a ajiye ta. Haka nan mahaɗar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda. Wurin da wayoyi biyu ba su kama juna sosai ba, turjiya a nan take taruwa, zafi ma a nan. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fiyus. An yi shi siriri ne da gangan, don ya tsinke kafin wayar gida ta ƙone. Wanda ya cire shi ya cusa waya mai kauri don kada wuta ta sake yankewa, ya kori mai gadin gidansa da hannunsa.

Injiniyoyi da wannan lissafin suke aiki. Wutar madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, ana ɗaga ta zuwa bolt 330,000 a kan layin Birnin Kebbi, daga can ta iso Sakkwato a kan bolt 132,000, a yi ta saukar da ita zuwa 33,000 da 11,000, har taransifomar unguwa ta miƙo mana 230. Ana ɗaga bolt ne don kwarara ta ragu, kada wutar ta ƙare a zafi bisa hanya.

Ƙarancin wuta ma yana kashe kaya. Idan gidaje suka yi wa taransifoma yawa, ko aka jawo wuta daga nesa da siririyar waya, wani ɓangare na bolt ɗin a hanya yake zubewa. Ƙwai ya dusashe, fanka ta riƙa juyi da ƙyar. Injin firiji ko na tura ruwa kuwa sai ya kasa tashi, ya tsaya yana gurnani yana jan kwarara fiye da ƙima, har naɗin wayar cikinsa ya ƙone. Idan wuta ta faɗi haka, a kashe su.

Jikin ɗan Adam shi ma yana da turjiya, kuma mafi yawanta a busasshiyar fata take. Gumi ko ruwa na rushe ta. Batirin mota mai bolt 12 ba ya iya tura kwarara mai cutarwa ta busasshen hannu, amma bolt 230 na iyawa, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na amfiya, idan ya ratsa ƙirji, ya isa ya birkita bugun zuciya. Uwargida da ta fito daga wanke-wanke, ko yaron da ya fito wanka ba takalmi, kada su taɓa soket ko hitar da ke cikin bokiti sai an kashe makunni. Idan kuma wuta ta kama wani, kada a cafke shi da hannu. A kashe babban makunnin gida, in ya yi nisa a ture shi da busasshen itace, sannan a garzaya da shi asibiti ko da ya ce ya warware.